Shingen Irma da Mujiyoyin Rami

Duk wanda ya yi makaranta a yankinmu na kudancin Saskatchewan, a ƙasar Kanada, ya hau motar Irma Doroshenko, domin ita ta riƙa jan bas ɗin 'yan makaranta tun gashinta yana baƙi har furfura ta cinye shi. Gajeriyar mace ce mai babbar murya, kuma idan ta kafe a kan magana, sai dai kai ka gaji. Aibinta ɗaya a tuƙi: ido ɗaya a hanya, ɗaya a kan turakun lantarki. Da ta hango shaho a zaune sai ta taka birki ta ce wa yara, "Ku dubi hagu, ku kuma rufe min baki." Iyaye sun kai ƙara har sun haƙura, tunda dai ba ta taɓa jefa ɗan kowa a kwata ba.

Masu farautar sama ta san su ɗaya bayan ɗaya. Ta san shahon da yake bin bayan tarakta yana tsintar fara da ɓeraye. Ta san ƙatuwar mujiya mai tukkun kunne da take yini a itatuwan da aka dasa don tare iska, da farar mujiyar nan da take saukowa daga arewa a tsakiyar sanyi ta zauna kan damin ciyawa kamar ita ta saya. Amma waɗanda suka tafi da zuciyarta su ne 'yan mujiyoyin rami, masu dogayen ƙafafu, waɗanda ba su kai kwalbar lemo tsayi ba. Su ba ruwansu da itace, ba kuma sa jiran dare. Ramin da kurege ya haƙa, dage ya faɗaɗa, shi suke gada, su tsaya bakinsa da rana tsaka suna kallon mutum da rawayen idanu, suna 'yar rusunawa. Idan ƙanƙara ta narke suke zuwa daga kudu, su yi ƙwai, su raini 'ya'ya, su koma kafin sanyi ya sauko. A makiyayar da ke bayan gidanta, inda ita da mijinta Myron suke kiwon shanu, an yi shekarun da duk tudun da ka duba sai ka ga ɗaya a kai.

Myron ya rasu, Allah ya jiƙansa. Irma ta sayar da shanunsu, don ba za ta iya haɗa kiwo da tuƙi ita kaɗai ba. Ƙanin Myron, Orest, wanda filinsa yake manne da nata, ya ci gaba da sako nasa shanun cikin makiyayarta kamar yadda aka saba tun zamanin iyayensu. Tsakaninta da Orest wasa ne mai zafi. Ita tana kiransa Mai Sanƙo, shi yana ce mata matar Yaya, kuma duk Lahadi in an taso daga coci a teburinta yake cin ƙullin fulawa mai dankali da soyayyar albasa, yana ci yana kushewa yana miƙo kwano a ƙara.

Ran nan, cikin watan Yuni, bijimin Orest ya taka rufin wani rami ya rufta. Irma ta tone ƙasar da hannunta, ta ciro 'ya'yan mujiyar, babu ko ɗaya mai numfashi. Ta zuba su a hularta ta nufi gidan Orest, ta same shi kwance ƙarƙashin tarakta yana gyara.

"Fito ka ga aikin bijiminka," in ji ta.

Ya leƙo, ya dubi hular, ya koma ƙarƙashin taraktarsa. "Haba matar Yaya, tsuntsaye ne fa. Baɗi wasu za su zo."

Da ya ce mata sannu, ko ma ya yi shiru, da magana ta mutu a nan. Amma bakin Orest bai taɓa sanin lokacin da wasa yake ƙarewa ba. Kafin mako ya zagayo Irma ta kafa turaku, ta ja waya mai ƙaya ta raba filinta da nasa. A shagon abincin dabbobi, a gaban duk masu zaman shan kofi, ta rantse cewa muddin tana numfashi kofaton saniya ba zai sake taka mata ƙasa ba. Cin abincin Lahadi ya mutu. A coci sai dai gaisuwar ka, ita ma ba kullum ba.

Ciyawa ta samu sake ta yi ta tashi, har ta kai mata ƙugu. Irma tana kallonta tana jin daɗi, tana cewa fili ya huta. Mujiyoyi kuwa sai raguwa. Shekarar da ta biyo kaɗan suka dawo, ta bayanta ba su kai haka ba, har aka zo wata bazara da ta yi ta zama cikin a-kori-kurarta da tabaron hangen nesa a hannu, tun daga narkewar ƙanƙara har alkama ta fitar da kai, ba ta ga ko gashin ɗaya ba. Ta zagi masu feshin magani. Ta zagi direbobin manyan motoci. Har mutanen kudu da ba ta taɓa gani ba sai da ta haɗa da su. Kuma ba ƙarya ta yi ba, tsuntsayen sun yi ƙaranci a ko'ina. Shingenta ne kawai bai taɓa zo mata a rai ba.

Lokacin ta riga ta ajiye tuƙi. 'Yarta da ke aure a Regina ta yi ta bugo waya tana roƙonta ta sayar da gonar ta dawo birni kusa da asibiti. Amsar Irma ɗaya ce kullum: "In na tafi, wa zai tarbe su?" Yarinyar ba ta taɓa samun ƙarfin zuciyar ce mata babu wanda yake zuwa ba.

Wata safiya a watan Mayu tana hanyar gidan waya, ta bi ta gefen makiyayar Orest. Ta saba kau da kai idan ta zo nan, don filin shanu sun cinye shi tas, har tana cewa ya fi kan mai shi sanƙo. Amma ƙafarta ta riga tunaninta, sai ji ta yi ta taka birki. Can kan wani ɗan tudu, ga namijin mujiya tsaye a kan dogayen ƙafafunsa.

Ta kashe mota ta ɗauko tabaro. Gidan waya ya sha ruwa ran nan. Tana kallo ya tashi ya sauka kan busasshen kashin shanu, ya ɓalli guntu da bakinsa, ya kai bakin rami ya ajiye. Ya koma ya sake ɗaukowa. Wani guntun ya tura shi ciki, wani ya jera shi a waje. Jim kaɗan buzuzu ya biyo wari, mujiyar ya cafke shi ba tare da ya yi ko taku biyu ba. Can kuma sai ya miƙe wuya ya yi ƙara, macen da ta leƙo ta shige ciki. Sai da Irma ta juya tabaron ta yi ta nema kafin ta gano dila, can nesa, yana sanɗa a gefen hanya.

Ta sauke tabaron. Wannan kashin ta sha ganinsa a bakin ramukan filinta, kuma da takalminta ta riƙa share shi tana tsine wa shanu, a zatonta su suka ɓata wa tsuntsaye ƙofar gida. Ashe kayan ɗakinsu take zubarwa. Ta koma gida ta shiga makiyayarta da ƙafa. Tsuntsun da bai kai kwalba ba, in ya tsaya cikin wannan duhun ciyawa, me zai hango kafin a hau kansa? Kuregu sun watse, don su ma ba sa zama inda ba sa ganin gabansu. Ramukan sun cike. Turakun da ta kafa kuwa duk sun yi fari da kashin shaho, ta gina wa maƙiyi wurin zama ya yi ta leƙe. Garin neman gira ta rasa ido. Ta zauna a ƙasa ta yi baƙin ciki irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar Myron.

Sai dai sanin gaskiya daban, zuwa wurin Orest daban. Irma ta ce za ta yi aikin shanu da kanta. Ta fito da injin yankan ciyawar tsakar gida ta shiga makiyaya da shi, yana tari yana mutuwa, ita tana tada shi tana zaginsa. Ta yi kwanaki, bayanta ya riƙe, abin da ta aske bai fi wurin shanya ba. Kashi kuma ba ta da saniyar da za ta yi mata shi. Don haka da hantsi, lokacin da ta san Orest yana can yankan ciyawa, sai ta ɗauki bokiti ta ratsa ta ƙarƙashin wayar da ita ta ja, ta tsinto busassu ta dawo.

Tana durƙushe da bokiti rabi, ta ji murya a bayanta.

"Matar Yaya, ashe abin ya kai haka? Da kin aiko, ai da na sa an kawo miki mai ɗumi."

Ba ta waiwaya ba. "Na lambu ne."

"To. Lambun da ake nomawa a bakin ramin kurege."

"Kai dai Mai Sanƙo, tsufa bai rage maka komai ba sai gashi."

Ya yi dariya, ita ma saura kaɗan. Rabon da su yi magana mai tsawon wannan tun ranar hula. Ta miƙe tana dafa gwiwa, sai ta ga ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya cire hularsa ya shafa kan, ya dubi shanunsa da suke lasar ƙasa.

"Ki ɗiba da yawa," ya ce. "Bana ce ta ƙarshe. Fari ya gama da ni, ciyawa ba ta isar su. Na ba da hayar filin, na riga na sa hannu. Baɗi da ƙanƙara ta narke ƙasa ta saki, garma za ta shiga, alkama za su shuka. Shanun kuma da kaka zan kai su kasuwa."

"Mujiyoyin fa?"

"Na san suna nan." Ya nuna tudun da haɓarsa. "Tun wancan karon ban sake sakin bijimi a inda suke ba."

Wannan ba ta sani ba. Ta ɗauki bokitinta ta ratsa waya ta koma. A hanya take lissafin abin a ranta. Miji da mata guda ne suka rage a duk yankin. Za su tafi kudu da kaka, su dawo baɗi su tarar garma ta kife gidansu. In ba su ga wani wuri kusa ba za su wuce, kuma wanda ya wuce ya wuce ke nan. Wurin da ya rage shi ne nata, ga shi ta mayar da shi daji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Washegari Orest yana zagayen shanu ya ji ƙarar waya tana tsinkewa. Ya iso ya tarar da ita da filaya a hannu, safar hannunta duk ta yage, ta riga ta buɗe hanyar da mota za ta wuce.

"Ba ke kika rantse a gaban jama'a ba?"

"Ni ce. Ka je shago ka gaya musu Irma ta lashe amanta, su ji daɗin kofinsu. Koro min shanun."

"Ciyawar nan ta tsufa, ta yi tauri. Ba za su so ta ba."

"Yunwa za ta koya musu. Kuma ba kasuwar da za ka kai su sai sun aske min filin nan ya yi kama da kanka."

Ya dube ta, wasan ya fita daga fuskarsa. "In wata ta taka rami fa, matar Yaya?"

Ta daɗe tana juya filayar a hannunta. "Ka koro su, na ce."

Daga ranar Irma ba ta sake zama ba. Shanu dabbobi ne masu son jiki, inda ruwa da gishirin lasa suke nan suke cinyewa su bar sauran. Sai ta riƙa ɗora dutsen gishirin a bayan a-kori-kura tana sauya masa wuri, yau wannan kusurwa, jibi waccan, shanun suna biye da ita suna kuka. Kwamin ruwa ma haka ta yi ta ja da shi. Ta tumɓuke turakun nan ɗaya bayan ɗaya, ta bar shaho ya nemi wani wurin zama. Tsofaffin ramukan da ta tuna inda suke ta bi su da shebur tana buɗewa. 'Yarta ta zo ta same ta rabin jiki a rami, ta ce, "Inna, so kike ki kashe kanki?" Ta ce mata in ba za ta riƙe shebur ba, ta shiga gida ta ɗora ruwan zafi.

Da ciyawa ta yi ƙasa, 'yan kuregun bana da suke neman wurin kansu suka fara tsallakowa daga filin Orest. A nan kowa guba yake sa musu, ita kuwa tana tsaye tana yi musu maraba. Masu shan kofi suka samu abin yi, wai Irma ta bar shanu ta koma kiwon kurege, a tambaye ta nawa take sayar da nono. Ta ce su yi ta yi, baki nasu ne. Da kaka ta fito wata safiya ta ga ƙasa a tule, dage ya bi kuregu ya buɗe manyan ramuka har wuri uku. Daɗi ya kama ta har ta shiga kicin ta kwaɓa fulawa. Lahadin nan Orest ya zauna a tsohuwar kujerarsa, ya ce albasar ta ƙone, ya miƙo kwano a ƙara. Shanun ma ya fasa kai su kasuwa, tunda sun samu abin ci.

Mujiyoyin suka tafi kudu ba tare da sun ko dubi filinta ba. Ƙanƙara ta sauko ta rufe komai. Farar mujiyar arewa ta zo ta zauna kan dami kamar kullum, Irma ta gaishe ta daga taga, amma hankalinta yana wani wuri.

Ƙasa tana saki masu haya suka zo da garmarsu, faɗinta ya fi na hanya. Ranar da suka kai ga tudun, ranar namijin mujiyar ya iso daga kudu. Irma tana cikin mota a gefen hanya, ta gan shi a kan turken iyaka yana kallon baƙar ƙasar da aka kife, yana juya kai. Shahuna suna bin garmar suna shagali. Ya yini a wurin. Da la'asar ya tashi ƙasa-ƙasa ya yi yamma, ba wajen filinta ba, ta bi shi da tabaro har ya ɓace.

Ta yi kwanaki tana fita tun da sassafe tana dawowa hannu rabbana. Abinci ya daina shiga. Orest ya daina tsokanarta, wannan kuwa ya fi komai ba ta tsoro. Duk da haka ba ta fasa jan dutsen gishiri ba, ba ta kuma fasa zagaya ramuka da sandarta ba.

Wata safiya suna tsaye ita da Orest a inda shingen yake a da, yana gaya mata wata saniya ta kusa haihuwa, sai ya ga ta daina saurarensa. A bakin ramin dage na tsakiya akwai guntayen busasshen kashi a jere, kuma ba ita ta jera su ba. Kan mujiya ya leƙo. Namijin ya fito gaba ɗaya, ya tsaya, ya rusuna. A bayansa wasu rawayen idanun suka leƙo suka koma.

Ba su gama kallo ba sai ga wata jar saniya, ƙatuwa, mai ciki, tana kiwo tana matsowa, kanta a ƙasa, ta miƙe sak wajen ramin. Mujiyar ya yi tsalle gefe. Irma ta ɗaga sanda, ta cika ƙirji da iska, za ta saki muryar nan da take tsayar da bas cike da yara.

"In kore ta?" Orest ya tambaya a hankali.

Irma ta tsaya da sandar a sama. Hular nan ta dawo mata a ido, da abin da ke cikinta. Ta san sarai wata rana, bana ko baɗi, wani kofato zai sake rufta wani rami, kuma ita ce ta buɗe masa hanya. Tsoro ya cika ta, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta sauke sandar ta dogara a kanta da hannu biyu.

"Bar ta ta ci."

Saniyar ta figi ciyawar da ke bakin ramin, ta ɗaga ƙafa, ta sauke ta dab da rufin, ta wuce. Ƙasar ba ta motsa ba. Mujiyar ya koma wurinsa ya karkaɗe jiki, ya bi sawun saniyar da kallo, sannan ya tashi ya ɗauko wani guntun. Irma ta goge fuska da bayan safarta, ta ce wa Orest ya daina tsayuwa kamar turke, ya zo ya kama mata dutsen gishiri su kai shi can kusurwar gabas, ciyawar wurin ta fara tashi.